Ba cuku ke hana mu barci ba

Makon jiya wani abokin karatuna, wanda yanzu babban ma'aikacin banki ne, ya turo dogon saƙo a zauren WhatsApp na 'yan ajinmu: abinci goma da bai kamata a ci ba dab da kwanciya. Na karanta har ƙarshe. Akwai cuku, akwai fiza, akwai jan giya da baƙar cakulan, har da wani ɗan itace da ban taɓa gani a kasuwar 'Yan Lemo ba. Jama'a suka yi ta yi masa godiya. Sha ɗaya saura kwata na dare ne, kuma na san inda yake zaune sa'ad da ya tura saƙon, domin tare muke a bencin mai shayi. Gabansa Indomie biyu da ƙwai uku, ga kofin shayi mai kauri da aka barbaɗa wa Nescafé.

Irin waɗannan jerin sunaye an rubuta su ne domin mutumin Landan ko na Shikago, kuma aibinsu a wurinmu shi ne suna wanke mu daga laifi. Mai karatu ya duba, ya ga babu abin da yake ci a ciki, ya kwanta da tabbacin cewa rashin barcinsa daga zafi ne, ko sauro, ko tunanin kuɗin makaranta. Duk waɗannan suna da nasu kason. Amma babban kaso yana cikin abin da muke zuba wa cikinmu tsakanin isha'i da tsakar dare, kuma sunayensa na gida ne: shayi, goro, lemon kwalba, tsire, da malmalar tuwon da aka ajiye wa maigida a kula.

A fara da shayi, tunda shi ne ya fi samun masu kare shi. Tun daga lokacin da mutum ya farka, wani sinadari da ake kira adinosin yake taruwa a ƙwaƙwalwa, kuma taruwarsa ce ke sa a ji nauyin ido da dare. Kafeyin, wato sinadarin da ke cikin ganyen shayi da kofi da goro, yana zuwa ya zauna a gurbin da adinosin ya kamata ya zauna. Gajiyar tana nan inda take, saƙonta ne kawai aka tare a hanya. Sannan hanta ba ta gaggawar fitar da shi: a jikin baligi mai lafiya, sai an yi kimanin awa biyar kafin rabinsa ya fita. Kofin baƙin shayi yana ɗauke da miligiram 40 zuwa 50, cokalin Nescafé ya ƙara kusan wannan ko fiye. Wanda ya sha haɗin abokina da ƙarfe goma sha ɗaya, rabin kafeyin ɗin yana yawo a jininsa har ƙarfe huɗu, lokacin da ladanin farko ke shirin tashi. Hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta bayyana a 2015 cewa miligiram 100 kacal, idan aka sha dab da kwanciya, na iya jinkirta barci ya kuma rage tsawonsa a jikin wasu manya.

Na san amsar da ke tafe, domin na sha ba da ita da bakina: ni shayi ba ya hana ni barci, ina ajiye kofi nake yin minshari. A 2013 Christopher Drake da abokan aikinsa a birnin Ditroit na Amurka suka gwada wannan magana. Suka ba mutane miligiram 400 na kafeyin a lokuta uku: dab da kwanciya, awa uku kafin ta, da awa shida kafin ta, suka kuma auna barcin da na'ura. Ko wanda aka sha saura awa shida ya zaftare fiye da awa guda daga barcin daren. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne mutanen da kansu ba su lura da wannan asarar ba. Na'ura ce ta gani. Gaskiya ne miligiram 400 ya fi kofi ɗaya nesa ba kusa ba, kuma mutanen da aka gwada ba su da yawa. Gaskiya ne kuma jiki ya bambanta: hantar wani ta fi ta wani sauri, mai shan taba yana fitar da kafeyin da wuri, mai juna biyu kuwa yana daɗewa ƙwarai a jikinta. Amma wanda yake barci ba shi ne shaidar da za a dogara da ita kan ingancin barcinsa ba. Shaidar tana zuwa washegari: hamma a taron ƙarfe goma, ciwon kai da azahar, da kofin kofi na biyu da ake nema domin a biya bashin na daren jiya.

Goro ya fi wuyar taɓawa, saboda darajarsa. Da shi ake ɗaurin aure da raɗin suna, kuma a kansa fatake suka yi ɗaruruwan shekaru suna taka hanyar Gwanja, daga Kano har Salaga. Sai dai fataken sun san abin da suke saye: abin da ke kashe yunwa ya kore gyangyaɗi. Daga sunansa Coca-Cola ta samo rabin nata sunan tun 1886. Ƙwayar marsa guda na iya ɗaukar kafeyin da ya kai na kofin kofi, ko ya zarce. Dattijon da ke ɓantarar daushe bayan isha'i, sannan ya kwana yana juyi yana cewa tsufa ne, ya kamata 'ya'yansa masu digiri su iya gaya masa inda matsalar take. Haka ma matasan fada a Damagaram da Maraɗi da ke dafa shayi zagaye uku a kan gawayi har dare ya raba. Lemukan ƙarin kuzari da suka cika shagunanmu ba sa buƙatar dogon bayani, tunda hana barci shi ne abin da suke tallatawa: ƙaramin gwangwanin Red Bull miligiram 80 ne.

Sai tuwo, kuma a nan ne ake ɗaga mini murya. Kakanninmu sun ci tuwon dare, sun yi shekara tamanin, wa ya isa ya ce a daina? Ba wanda ya ce a daina. A tambayi duk wanda ya tashi a karkara lokacin da ake kwashe tuwo. Ana idar da magariba ake fito da akushi, a ci, a yi isha'i, a zauna hira a ƙofar gida ko a dandali, sannan a shiga. Tsakanin loma ta ƙarshe da shimfiɗa akwai awa biyu ko uku, kuma mai cin ya wuni da fartanya a hannu. Jikansa ya wuni a kujera ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki, ya maƙale a cunkoson Mararraba da Nyanya, ya isa gida ƙarfe goma, ya buɗe kula, ya share malmala biyu da miyar da mai ke iyo a kanta, ya miƙe a gado da waya a hannu cikin minti ashirin. Sunan abincin ne kaɗai ya gada.

Abin da ke biyo baya ba boyayye ba ne. A inda bututun abinci ya haɗu da tumbi akwai wani zoben nama da ke rufewa domin kada ruwan tsamin ciki ya hau sama. Cikakken tumbi yana matsa masa, abinci mai maiƙo yana daɗewa bai wuce ba, kuma da zarar an kwanta, tsayuwar da ke taimakawa wajen riƙe ruwan a ƙasa ta tafi. Sakamakon shi ne ƙwarnafi: zafin ƙirji, ɗaci a maƙogwaro, tarin tsakar dare. Wani bincike da aka yi a Osaka ta ƙasar Japan a 2005 ya sami alaƙa mai ƙarfi tsakanin wannan ciwo da kwanciya ƙasa da awa uku bayan cin abincin dare, kuma shawarar likitocin ciki ke nan: a bar awa biyu zuwa uku. Tsire da balangu da kilishin da ake tsaraba da su a hanyar dawowa sun haɗa maiƙo da yaji wuri guda, ga gishiri da ɗanɗanon girki da ke sa a sha ruwa kofi biyu a tashi fitsari sau biyu. Ƙullin garin da ke cikin ledar Indomie ma gishiri ne mafi yawansa, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya giram biyar ta iyakance wa baligi a wuni guda.

A gefe guda, ina zargin cewa kaso mai tsoka na abin da muke kira olsa ƙwarnafi ne. Gyambon ciki na gaskiya galibi ƙwayar cuta ce ke jawo shi, wadda Barry Marshall da Robin Warren suka sami lambar Nobel a 2005 saboda gano rawar da take takawa, ko kuma yawan shan magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen. Ana gwada shi, ana kuma maganinsa. Na yi shekara biyu ina yawo da kwalbar farin maganin ciki a jaka, ina cewa olsa gare ni, a lokacin da nake aikin dare a wani ɗakin labarai inda abincinmu yake zuwa bayan an rufe shafin farko. Da aka gwada ni ba a sami komai ba. Likitar ta tambaye ni ƙarfe nawa nake cin abinci da ƙarfe nawa nake kwanciya, na ba ta amsa ɗaya ga tambayoyin biyu. Wanda zafin ƙirjinsa ya ƙi tafiya, ko yake wahalar haɗiya, ko yake ramewa, asibiti zai nufa, ba canjin lokacin tuwo kaɗai ba.

Hujja mafi ƙarfi da ake kawo mini ita ce ta lokaci, kuma ina girmama ta. Ma'aikaciyar jinya da ta tashi aiki ƙarfe tara ba ta zaɓi cin dare ba. Amma yawancin masu karanta wannan wasiƙa suna da iko a kan abin da ya fi haka. Wanda ke iya tsara taron ma'aikata talatin yana iya ɗaukar kularsa zuwa ofis ya ci babban abincinsa da la'asar, ya bar wa dare kunu ko ayaba da kindirmo. Abin da ke hana shi sau da yawa shi ne tunanin cewa maigida sai ya ci tuwo a gida komai dare, uwargida kuma sai ta jira shi, ta yadda mutum biyu ke asarar barci a kan malmala ɗaya. Mu kuma al'umma ce da ke tashi da asuba. Likitocin barci suna cewa baligi na buƙatar aƙalla awa bakwai, kuma ƙarancinsa na da alaƙa da hawan jini da ciwon suga, cututtukan da suka cika layin asibitocinmu. Wanda zai farka ƙarfe biyar ba shi da rarar da zai ba kafeyin ko ƙwarnafi.

Ban daina zuwa wurin mai shayin ba, domin hirar can ta fi ta ofis amfani. Abin da na sauya shi ne oda: shayina na ƙarshe da la'asar ne, da dare kuwa ruwan zafi da citta da ɗan madara. Daren farko mai shayin ya tsaya da butarsa a sama ya ce, “Yallaɓai, ko dai jikin ne?” Na ce masa lafiya lau. Abokina na banki ya yi dariya, ya ce a ƙara masa rabin cokalin kofi, gobe yana da taro ƙarfe takwas.