A Auna Kaya Kafin Jirgi Ya Tashi

Ran 25 ga watan Agusta 2001 wani ƙaramin jirgin sama mai inji biyu, ƙirar Cessna 402, ya tashi daga filin Marsh Harbour a tsibirin Abako na ƙasar Bahamas, zai nufi Amurka. Bai yi nisa da ƙarshen filin ba ya faɗo, wuta ta kama shi. Mutum tara na ciki duk suka rasu, har da Aaliyah, mawaƙiyar nan ta Amurka, tana da shekara 22.

Da aka bincika, sai aka tarar kayan da aka labta masa sun zarce ƙa'ida da wajen kilo 320, an kuma tara nauyin a baya. Fasinjan ma sun fi adadin da aka yarda masa da mutum guda, matuƙin kuwa ba shi da iznin tuƙa wannan jirgi.

Mu dai a ganinmu wannan haɗari tun a ƙasa aka ƙulla shi, gama lissafin da zai hana shi bai fi ƙarfin akawu mai sikeli da fensir ba. Kowane jirgi yana da littafinsa mai nuna iyakar nauyin da zai ɗauka da tsawon filin da yake bukata. Amma tsawon nan ba ɗaya ba ne kullum. Zafi da tudu suna sa iska ta yi shaƙaf, watau inji ya rage ƙarfi, fukafukai su yi jinkirin ɗagawa. Filin Jos ya haura ƙafa 4,000 bisa teku; filin da ya wadatar da asubar hunturu yana iya kasawa da azahar ɗin bazara. Ciyawa da rairayi da laka kuwa riƙe taya suke yi. Sabo da haka ake koya wa matuƙa su tsai da alama a tsakiyar fili: kadan an kai nan gudun bai kai kashi 70 cikin 100 na gudun tashi ba, a taka birki.

Sai dai a filin ƙauye babu mai duba lissafin nan sai matuƙi, shi kuwa yakan ji nauyin babban mutum mai gaggawa. Mun san halinmu a tashar mota, kowa da “ɗan buhun nan kaɗai”. Mota in ta gaza sai ta tsaya a gefen hanya. Jirgi ba shi da gefen hanya.

Muna roƙon hukuma ta ajiye sikeli da littafi a kowane ƙaramin fili, a auna mutum da kayansa, ko wane ne shi, matuƙi ya sa hannu kafin a ta da inji. In ya ce a sauke akwati biyu, ko a jira sanyin safiya, kada ubangidansa ya tuhume shi.