Abin da bakin buji ke faɗa

A Amurka ana wani tseren motoci a kan miƙaƙƙiyar hanya mai tsawon mita 402, mota biyu a jere. Wally Parks ne ya kafa ƙungiyar NHRA a 1951, don a janye samari daga titunan gari zuwa filin da aka keɓe.

Da yawansu da hannunsu suke gyaran inji a gida, kuma tsarinsu ya burge ni: a taɓa abu guda, a gwada, a rubuta abin da agogo ya nuna. Wanda ya murɗa karbureta, ya kuma sauya lokacin wutar buji a tashi ɗaya, ina zai san wanne ya amfane shi? Da an gama gudu sai a kashe inji, a ciro buji. In bakinsa ya yi baƙi, mai ya yi yawa. In ya yi fari fat, iska ta rinjayi mai, kuma nan haɗarin yake: mai mota na murnar ƙarin gudu, zafi kuwa yana cin fistan.

Ƙwararru ma ba su tsira ba. A 2008 injin Scott Kalitta ya fashe, ya rasu. Daga nan aka rage wa motoci mafi ƙarfi nisan zuwa mita 305.