Wasiƙa Zuwa Ga Masu Rubuta Yarjejeniya a Jos

Zuwa ga dillalan gidaje da filaye, da 'yan'uwa masu buga takardun ciniki a shagunan kwamfuta, daga Titin Bauchi zuwa Dilimi da Gangare.

Ranar da rigima ta kai gaban Babbar Kotun Jihar Filato, takardar da kuka buga alƙali zai ɗauka. Zai karanta ta daga farko har ƙarshe, ya ba kowace kalma ma'anar da aka san ta da ita. "Ai mun yi da shi da baki" ba ta da ƙarfi a wurin, domin sashe na 128 na Dokar Shaida ta 2011 ya hana maganar baka ta sauya abin da aka rubuta, sai a wurare kaɗan, irin su zamba da tilastawa.

Ku dubi shari'ar Union Bank da Farfesa Ozigi a 1994. Farfesan ya tsaya a kan cewa kashi 11 cikin ɗari aka yi da shi na kuɗin ruwa, amma takardar jingina ta ce banki ne zai riƙa yanke kuɗin lokaci zuwa lokaci. Kotun Ƙoli ta bi takarda. Idan haka ta faru da farfesa, ina ga dattijon da ya dangwala yatsa a takardar Turanci?

Wannan dattijon ne ya fi damuna. Sau da yawa tsohuwar yarjejeniyar wani ake buɗewa a kwamfuta, a goge suna a sa nasa, da sharuɗɗan da ko a mafarki bai ji su ba. Dokar kare waɗanda ba su iya karatu ba ta ɗora wa marubuci ya sa sunansa da adireshinsa, shaidar cewa an karanta wa mutumin an kuma fassara masa kafin ya dangwala. Ku yi hakan da gaske, da Hausa, ko da Berom idan ita yake ji.

Sannan ku guji kalma mai fuska biyu. "Buhu hamsin na dankalin Bokkos": wane buhu? Kotu tana iya sauraron al'adar kasuwa, amma sai an kawo shaidu, an yi ta zarya. Idan kuma shubuhar ta ƙi warwaruwa, a kan ɓangaren da ya tsara takardar ake juya ta, wato wanda ya ba ku aikin.

Garin da ya ga gobarar babbar kasuwar Terminus a 2002 bai kamata ya rubuta hayar shago ba tare da faɗin makomar kuɗin haya idan wuta ta ci shagon ba. Fili mai takardar mallaka kuwa, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ce sai da amincewar gwamna ake sayar da shi. Ku rubuta wanda zai nemo ta da wanda zai biya.

Don Allah, cinikin da ya fi ƙarfinku ku tura shi wurin lauya kafin kowa ya sa hannu.

Wassalam.