Lamuni ko Faɗin Rumbu: Shawara ga Mai Sayen Kwamfuta daga Attantane

Idan malamin makaranta, ko ma'aikacin gidan likita, ko ɗalibin da ya sami shiga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, ya taso daga Attantane ta ƙasar Mayahi da ɗan abin da ya daɗe yana tarawa domin sayen kwamfutar tafi-da-gidanka, galibi akan ajiye masa guda biyu waɗanda kuɗinsu ya yi kusa da juna: ɗaya mai rumbun ajiya na terabayit guda, amma da an biya an rabu, ɗaya kuwa mai gigabayit 256 kacal, amma mai kaya ya ɗauki alhakinta har wani ajali. Akasarin mutanenmu ta farkon suke ɗauka, domin adadi abu ne na zahiri wanda ido yake gani, lamuni kuwa ba a sanin fa'idarsa sai ranar da tsautsayi ya afku. Ra'ayina ya saɓa wa nasu, amma da sharaɗi.

Hujjata ta farko ita ce, wurin ajiya ana iya ƙara shi bayan ciniki, ko da faifan waje ko da ɗan makullin USB, kuma a kwamfutoci da dama, musamman tsofaffin HP da Dell da Lenovo waɗanda suka cika kasuwanninmu, mai gyara yana iya musanya na cikin ma. Lamuni kuwa, da zarar an bar ƙofar kanti ba a ƙulla shi ba, ya wuce. Bugu da ƙari, terabayit ɗin da ake kwaɗaita wa mutane a kan araha, sau da yawa faifai ne mai juyawa, wanda girgizar kabu-kabu a kan turbar yashi ta ƙasar Mayahi take iya illatawa, alhali ƙaramin nan na gigabayit 256, in na SSD ne, ba shi da abin da ke motsi a cikinsa, ya kuma fi sauri nesa ba kusa ba. Takardun aiki da littattafan karatu ba sa cika gigabayit 256; finafinan Kano da na Indiya ne ke cika shi.

Sharaɗin kuwa shi ne a bincika wane ne mai lamunin, kuma ina mazauninsa. Takardar garanti ta masana'anta, wadda yawanci shekara guda ce, sau da yawa ɗaure take da ƙasar da aka fara sayar da na'urar, ba ta kuma shafi faɗuwa ba, ko zubar ruwa, ko ƙonewa saboda hawa da saukar wutar janareto, balle ta maido da rubutun da ya salwanta. To, mutumin da ke cajin na'urarsa da hasken rana ko a shagon caji, cikin ƙurar hunturu da zafin bazara mai wuce digiri 40, me irin wannan takarda ta tsinana masa? Kwamfutar da aka kawo ta hannu daga Turai kuma, mai yiwuwa wa'adin garantinta ya ƙare tun ba ta sauka jirgi ba, ana kuma iya tabbatar da haka ta lambar da ke jikinta a shafin kamfanin. Haka wanda ya sayo a titin Beirut a Kano domin rangwame, ya ga abin da nisa ke haifarwa lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, aka shafe watanni hanyar Jibiya da Ɗan Isa tana toshe, har cikin Maris na 2024.

Malamanmu na Malikiyya sun riga masana'antu zuwa wannan babi, domin duk wanda ya zauna gaban malami ya karanci Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani ko Muhtasar na Halil ya san cewa mai saye, idan ya tarar da tsohon aibi wanda aka ɓoye masa, yana da zaɓin mayar da haja ya karɓi kuɗinsa, kuma ya halatta a ƙulla ciniki bisa hiyari na ƴan kwanaki domin jarrabawa. Sai dai haƙƙi ba ya tabbata gaban alƙali ko sarkin kasuwa sai da bayyina, mu kuwa kunya takan hana mu neman rubutu daga wanda muka gaisa da shi da mutunci, kamar neman shaida zargi ne, alhali Alƙur'ani da kansa ya yi umurni da rubuta bashi.

Saboda haka lamunin wata uku daga ɗan kasuwa mai tsayayyen kanti a Maraɗi ko Tasawa, wanda ake iya riska a yini guda, ya fi mini na shekara daga kamfanin da ke bayan teku, ya kuma fi terabayit. A nemi ya rubuta lambar na'urar da ranar ciniki da ƙarshen ajali, ya fayyace ko batir da allo da caja suna ciki, ya kuma faɗi a gaban shaidu biyu ko gyara zai yi, ko musanya, ko mayar da kuɗi. Idan an sami rara, a sayi ƙaramin faifan waje a riƙa kwafe muhimman takardu a cikinsa, a kuma ajiye shi daban da jakar kwamfutar.