Mawaƙi Ma Yana Da Farashi

A kasuwar Kance ba mai ɗaukar damin rake ya biya da "Allah ya saka". Amma in ƙungiya ta shirya biki, mawaƙi ya kwana uku yana saƙa baitoci, sai a sallame shi da goro da kuɗin mota. In ya yanka farashi, a ce ya cika kwaɗayi.

A da sarki ke riƙon makaɗinsa da riga, doki da hatsi. Mawaƙin yau ba shi da ubangida, kuma cikinsa bai san yabo ba. Malamai, ku ke rubuta lissafin biki: mai hayar kujeru da mai lasifika kuna biyansu tun kafin taro. Ku sa mawaƙi a layinsu, ku ƙirga dararen da ya hana idonsa barci, ba minti goman da ya yi a gaban jama'a ba.