Kafin Ka Yarda A Yi Wa Kwamfutarka Fomatin



Watan jiya kwamfutar tebur da nake rubutu da ita a Makarfi ta ƙi tashi. Fitila na ci, fanka na juyawa, allo kuwa baƙi ƙirin. Babi 14 na littafina suna ciki, ba ni da kwafi ko ɗaya.

Mai gyaran farko ko buɗe ta bai yi ba, ya ce sai fomatin. Na ƙi. Na kai ta Zariya, wani ya zare RAM, ya goge ƙurar da ta taru a bakinsa, ya mayar. Nan take ta tashi.

A ganina, duk marubuci ya kamata ya san wannan: rubutunka a hadis yake, kuma ƙin tashi ba ya nufin hadis ya mutu. Fomatin ne ke share shi. Ka ce a fara kwashe fayilolinka tukuna.

Amma laifin nawa ne. Ko a Ikara kake ko Kudan, wayarka ta isa ka tura wa kanka kowane babi ta imel. Tura na yau kafin ka kwanta.