Kakar da Toronto Raptors Ta Ci Kofi: Aikin Shugabanci Ne Kafin Na 'Yan Wasa

A ƙarshen watan Yunin 2025 ƙungiyar ƙwallon kwando ta Toronto Raptors da ke ƙasar Kanada ta raba gari da shugabanta, Masai Ujiri, bayan ya shekara 12 yana jan ragamarta. Duk mai son auna aikin wannan mutum dole ya koma kakar wasa ta 2018 zuwa 2019, lokacin da ƙungiyar ta ɗauki kofin gasar NBA, karo na farko tun kafuwarta a 1995, kuma karo na farko da kofin ya tsallaka iyakar Amurka. Mu a wannan jarida muna ganin kakar ta cancanci a sake bin diddiginta, domin abin da ya kai Raptors ga kofi an shirya shi ne shekaru kafin a busa usur, a ofis da filayen horo. Muna kuma da dalili na musamman na kula da labarin: an haifi Ujiri a Ingila a 1970, amma a Zariya ya tashi, kuma a can ya fara riƙe ƙwallon kwando.

Kafin wannan kaka, Raptors ƙungiya ce mai kyan gani da ba ta kai gaci. Takan yi rawar gani a wasannin share fage guda 82 na kowace shekara, amma da an shiga zagayen sili ɗaya ƙwale sai ta ci karo da Cleveland Cavaliers ta LeBron James. Cleveland ce ta fitar da ita a 2016 da 2017 da 2018, kuma a karo biyun ƙarshe ko wasa ɗaya ba ta ci ba. Abin ya fi ciwo a 2018, domin a shekarar ta ci wasa 59, ta zo ta ɗaya a shiyyar gabas, har aka zaɓi kocinta Dwane Casey a matsayin gwarzon kocin shekara. Shugabanni da yawa da sun ga haka sai su ce a bar kaza cikin gashinta, tunda 'yan kallo na cika fili, kuɗi na shigowa, babu mai zargin kowa.

Ujiri bai zaɓi kwanciyar hankali ba. A watan Mayun 2018 ya sallami Casey, daga baya ya ɗora mataimakinsa Nick Nurse, wanda bai taɓa riƙe ƙungiya a NBA ba, sai dai ya daɗe yana horarwa a Ingila da kuma ƙaramar gasar Amurka. A watan Yuli kuma ya yi abin da ya girgiza birnin: ya miƙa DeMar DeRozan ga San Antonio Spurs, tare da Jakob Poeltl, ya karɓi Kawhi Leonard da Danny Green. DeRozan ya shekara 9 a Toronto, shi ne ya fi kowa ci wa ƙungiyar maki a tarihinta, kuma yana ƙaunar garin a lokacin da manyan 'yan wasan Amurka ke gudun zama a Kanada. Shi kuwa Leonard wasa 9 kacal ya buga a kakar da ta gabata saboda rauni, shekara ɗaya ta rage a kwantiraginsa, kuma babu tabbacin zai zauna. DeRozan ya fito fili ya nuna an ɓata masa rai, magoya baya da dama suka goya masa baya, kuma ba mu ga laifinsu ba. Mutumin da ya ba da ƙuruciyarsa ga ƙungiya yana da haƙƙin a rabu da shi cikin mutunci. Amma a kan ainihin shawarar, muna ganin Ujiri ya yi daidai, domin ya ga iyakar inda tsohon tsarin zai iya kai su, ya kuma yarda ya ɗauki alhakin canza shi a kansa.

Sai dai kuskure ne a ɗauka cewa wannan ciniki kaɗai ya kawo kofi. Abin da ya fi burge mu shi ne yadda aka tara sauran 'yan wasan. A NBA, kowace shekara ƙungiyoyi kan zaɓi sababbin matasa bi da bi, kuma gurbi 14 na farko su ne ake wa kallon na fitattu. A cikin 'yan wasan da suka ci wa Raptors kofi babu ko ɗaya da aka zaɓa a waɗannan gurabe. Leonard kansa na 15 ne. Kyle Lowry da Serge Ibaka, ɗan asalin Kongo Barazabil, kowannensu na 24 ne a shekararsa. Marc Gasol ɗan Sifaniya, wanda aka ɗauko daga Memphis a watan Fabrairun 2019, na 48 ne. Fred VanVleet kuwa ƙungiyoyi 30 duk sun tsallake shi a 2016, babu wadda ta zaɓe shi, sai Raptors ta kira shi ta gwada.

Labarin Pascal Siakam ya isa misali. Ɗan Duwala ne a Kamaru, bai kama ƙwallon kwando gadan-gadan ba sai da ya doshi shekara 17, kuma a sansanin horar da matasa aka fara lura da shi kafin ya tafi karatu Amurka. Raptors ta zaɓe shi a gurbi na 27 a 2016, lokacin da mutane ƙalilan suka san sunansa. Da aka ga bai nuna ba, ba a yar da shi ba. An tura shi ƙaramar ƙungiyar da Raptors ta kafa a garin Mississauga, mai suna Raptors 905, inda shi da VanVleet suka taimaka aka ci kofin ƙaramar gasa a 2017. A kakar 2017 zuwa 2018 yana cin maki 7 da ɗoriya a kowane wasa. A kakar kofi ya kai kusan 17, aka ba shi kyautar ɗan wasan da ya fi kowa samun ci gaba. A wasan farko na zagayen ƙarshe shi ya zuba wa Golden State Warriors maki 32. Irin wannan yaro ba a sayensa a kasuwa. Sai an sami mai ido ya gano shi, an sami mai haƙuri ya raine shi, an kuma tanadi wurin da zai yi kuskure ya gyara ba tare da an kore shi ba.

Haka nan ƙungiyar ta san yadda za ta kula da lafiyar ma'aikatanta. Likitoci da masu horarwa sun tsara wa Leonard hutu, ya buga wasa 60 cikin 82. An soki wannan tsari, musamman daga waɗanda suka sayi tikiti don su gan shi, kuma ƙorafinsu yana da tushe. Amma a wasanni 22 da bai buga ba, sauran sun ci 17, abin da ya nuna cewa ƙungiyar na tsaye da ƙafarta. Ta kammala da nasara 58 da rashin nasara 24, ta biyu a gabas, kuma Leonard ya shiga zagayen sili ɗaya ƙwale da sauran ƙarfinsa.

Bayan ta fitar da Orlando Magic, Raptors ta haɗu da Philadelphia 76ers, aka yi ta fafatawa har wasa na bakwai a Toronto ranar 12 ga Mayu, 2019. Saura daƙiƙa 4 da 'yan kai a tashi, kowane ɓangare na da maki 90. Gasol ya jefo wa Leonard ƙwallo daga gefen fili, ya ja ta da gudu zuwa kusurwar dama, Joel Embiid na Philadelphia, wani ɗan Kamarun, yana biye da shi da dogayen hannuwansa. Leonard ya yi tsalle ya cilla ta sama sosai don ta haye Embiid, ƙararrawar tashi ta buga ƙwallon na iska. Ta faɗa kan ƙarfen kwandon ta yi sama, ta sake dira, sau huɗu, shi kuwa ya durƙusa a bakin fili yana kallo, dubban mutane sun riƙe numfashi, sannan ta zurma ciki. Ba a taɓa kammala wasa na bakwai da irin wannan jifa ba a tarihin gasar.

A zagaye na gaba Milwaukee Bucks, wadda ta fi kowa cin wasa a shekarar, ta doke su sau biyu a jere. Nurse ya sauya dabara, ya ɗora Leonard a kan tauraron Bucks, Giannis Antetokounmpo, sauran suka riƙa tare masa hanyar shiga. VanVleet, wanda hannunsa ya ƙi ci tun farkon zagayen, ya farfaɗo ya zura 14 cikin jifa 17 na nesa masu maki uku a wasanni ukun ƙarshe. Raptors ta ci huɗu a jere. Daga nan ta fuskanci Warriors, masu riƙe da kofi shekara biyu, ta doke su 4 da 2, kuma uku daga cikin nasarorin a gidan Warriors ɗin aka same su. An rufe da ci 114 da 110 a birnin Oakland ranar 13 ga Yuni, Lowry da Siakam kowanne da maki 26, aka zaɓi Leonard gwarzon zagayen.

Akwai masu cewa sa'a ce kawai, kuma ba za mu share maganarsu ba. A ɓangaren Warriors, Kevin Durant ya buga 'yan mintoci ne a wasa na biyar jijiyar agararsa ta tsinke, Klay Thompson kuma ya ji mummunan rauni a gwiwa a wasa na shida. Da suna da lafiya, wataƙila da labarin ya sha bamban. Ita ma ƙwallon da ta yi tsalle sau huɗu tana iya faɗowa waje. Amma Raptors ma ta yi rashin OG Anunoby, matashin da iyayensa 'yan Nijeriya ne, wanda aka yi wa tiyata gab da fara zagayen sili ɗaya ƙwale, kuma rauni abu ne da ke samun kowace ƙungiya. Sa'a takan zo wa da yawa, wanda ya shirya ne ke cin moriyarta. Hujja mafi ƙarfi ta zo ne bayan Leonard ya koma Los Angeles Clippers a watan Yulin 2019. Mutane sun zaci ginin zai rushe, sai ga shi a kaka ta gaba Raptors ta ci wasa 53 cikin 72, ta sake zuwa ta biyu a gabas, Nurse ya zama gwarzon koci. Gaskiya ne shekarun baya-bayan nan ba su yi wa ƙungiyar daɗi ba, kuma Ujiri yana da nasa kason laifin, amma hakan bai goge abin da aka gina ba.

A nan ne labarin ya shafe mu kai tsaye. Ujiri ya fara aikin farautar 'yan wasa ne a Orlando ba tare da albashi ba, yana yawo ƙasa-ƙasa da kuɗin aljihunsa, kafin Denver Nuggets ta ɗauke shi, har ya zama babban manajanta a 2010, aka kuma zaɓe shi gwarzon jami'in gudanarwa na NBA a 2013. Tun 2003 ya kafa gidauniyar Giants of Africa da ke shirya wa matasa sansanonin horo da gina filaye a ƙasashen Afirka. Filin Zariya da ya fito da shi bai daina haifar masu tsayi da hazaƙa ba, haka Kano da Kaduna da Jos da sauran garuruwanmu. Ƙungiyar matan Nijeriya, D'Tigress, ta sha ɗaukar kofin Afirka a jere tun 2017, Rivers Hoopers ta zo ta uku a gasar BAL ta nahiyar a 2024, ƙungiyar ƙwallon kwando ta Kano Pillars kuma ta sha zama zakara a cikin gida. Hazaƙa ba ta yi mana ƙaranci ba.

Abin da ya yi ƙaranci shi ne shugabanci mai dogon tunani. Rikicin shugabancin da ya raba hukumar ƙwallon kwando ta Nijeriya gida biyu tun 2017 ya durƙusar da gasar cikin gida na tsawon lokaci, ya kuma kai ga gwamnatin tarayya ta janye ƙasar daga wasannin duniya a watan Mayun 2022. Ko da yake an soke matakin bayan 'yan makonni, ya riga ya jawo wa D'Tigress asarar gurbinta a gasar kofin duniya ta shekarar. Yaran da suka kai shekarun tashe a wannan tsakani sun rasa fagen nuna kansu, kuma ƙuruciyar ɗan wasa ba ta jira.

Saboda haka muna kira ga gwamnatocin jihohi masu ƙungiyoyi da su naɗa masu gudanarwa bisa sanin aiki, su ba su wa'adi mai ma'ana, su auna su da yawan matasan da suka raina da kuma sakamakon fili. Kowace babbar ƙungiya ta kafa ƙaramar ƙungiyar matasa, ta ɗauki masu zagaya makarantun sakandare da unguwanni suna duba yara, maza da mata. A biya 'yan wasa haƙƙinsu a kan kari, a tanadar musu likita, a gyara filayen makarantu da suka lalace. Hukumar ƙasa ta tabbatar ana buga gasa kowace shekara a kan jadawalin da kowa ya sani, domin 'yan kasuwa ba sa zuba kuɗi a inda ba su da tabbacin gobe. Attajiranmu kuma su tuna cewa gina filin ƙwallon kwando ɗaya a unguwa bai kai kuɗin da ake kashewa a biki ɗaya ba. Ƙasar da ta raini mutumin da ya kai kofin NBA Kanada ba ta da uzurin kasa shirya gasarta ta cikin gida, kuma alhakin gyara yana wuyan waɗanda ke riƙe da kujerun a yau.